Umaru Ɗanjuma Katsina: Daga Talabijin Zuwa Littafi da Majigi

Akasarin masu kallo sun san Umaru Ɗanjuma Katsina ne da sunan Kasagi, wato sunan da ya fito da shi a wasannin kwaikwayo na gidan talabijin na Kaduna, a zamanin da Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi (Samanja) suke tashe. Wannan suna na ɗan wasa ya so ya danne matsayinsa na marubuci, alhali kuwa ta fuskar rubutu ne ya fi barin abin da manazarta za su kama.

Dalili shi ne, yawancin wasannin talabijin na wancan lokaci ba a rubuta su kalma bayan kalma. Akan tsara ƙashin labari ne kawai, kowane ɗan wasa ya ƙago maganarsa a gaban kyamara. Da an watsa shiri, sai a dogara ga kaset, shi kuwa kaset ba ya jure zafi da ƙura. Umaru Ɗanjuma ya bi sawun Shu'aibu Maƙarfi, wanda ya mayar da wasanninsa na rediyo littafi, kamar Jatau Na Kyallu (1960).

A shekarar 1979 kamfanin NNPC na Zariya ya buga wasansa Kulɓa Na Ɓarna. An ciro sunan ne daga karin magana mai nuni da yadda wani ke yin ta'adi, a ɗora wa wani laifin. Jigon wasan shi ne yadda mai dukiya ke hure wa 'yar makaranta kunne da abin duniya, ya lalata mata rayuwa, sannan jama'a su la'anci ilimin 'ya'ya mata, su kyale attajirin. Wannan batu ba ƙarami ba ne, musamman da yake littafin ya fito shekara uku kacal bayan ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, lokacin da iyaye da dama ke ɗari-ɗari da sa 'ya'yansu mata a boko. Daga baya ya wallafa Ai Ga Irinta Nan.

A farkon shekarun 1990 Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos ta mayar da Kulɓa Na Ɓarna fim na majigi, ƙarƙashin jagorancin Brendan Shehu. Sai dai fim ɗin ya zo a makare, domin tun 1990 Turmin Danya ya buɗe kasuwar bidiyo a Kano, wadda ba da jimawa ba ta cika da waƙa da rawa irin na finafinan Indiya. Fim ɗin yana da wuyar samu a yau, littafin kuwa ɗalibai sun daɗe suna nazarinsa a makarantu.