Daga Taƙalidi Zuwa Tahƙiƙi: Nazarin Siyasar Waje Daga Ƙasar Kafanchan

Ɗalibin da ya fara ɗanɗana ilimin hulɗar ƙasashe, galibi da taƙalidi yakan soma, wato ya haddace abin da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya faɗa a Majalisar Ɗinkin Duniya cikin Oktoba na 1960, ya bi shi da jawabin Janar Murtala a Adis Ababa a 1976 kan Angola, sa'an nan ya ɗauka sha'anin duka yana hannun jakadu da masu aikensu. Wannan matakin farko ne, babu aibu a cikinsa. Amma wanda ya zauna a kansa har furfura, rigar al'amarin ya gani, bai ga jikinsa ba. Da'awata ita ce, fahimta ba ta nuna sai ranar da ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya wajabta wa kansa kawo isnadin kowace magana, tun daga fadar da aka yanke hukunci har garin da hukuncin ya sauka. Kudancin Kaduna kuwa makaranta ce ta wannan darasi.

Kafanchan kanta buƙatar waje ce ta raya ta, domin layin dogon da ya iso daga Fatakwal, ya rabu a nan cikin 1927 zuwa Kaduna da Jos, an shimfiɗa shi ne don kuza da amfanin gona su kai bakin teku. Har yau matar da ta tsaga citta ta shanya a ƙasar Jaba, da dillalin da ke murza ta a tafinsa a kasuwar Kachia kafin ya yi tayi, kuɗin buhunsu yana hawa yana sauka da darajar naira, wadda aka karya a 1986 bisa tsarin gyaran tattalin arzikin da masu ba da bashi na duniya suka so.

Mas'alar da ta fi horar da mai bincike, a ganina, ita ce ta gumakan yumɓu na Nok. Najeriya ta haramta fitar da su, yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kuma ta hana fataucinsu, amma duk da haka aka baje wasu a gidan tarihi na Louvre a birnin Faris a shekarar 2000, har a 2002 aka daidaita a kan cewa Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, ita kuwa Najeriya ta bar mata su aro na shekara 25. Mai karatu kawai zai ce an yi nasara ko an yi sakaci, ya wuce abinsa. Mai rubutu ba shi da wannan sauƙi: dole ya tambayi wa ya haƙa, wa ya saya, me kowane ɓangare ya samu, kuma ina mutanen Ham na ƙasar Jaba, inda Nok take, suke sa'ad da ake ƙulla magana a kan abin da ya fito daga ƙasarsu. A wannan tambaya ta ƙarshe ne nake ganin ɗalibi ke zama malami.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Shigar da Najeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta OIC a Janairun 1986, ba tare da an yi wa jama'a bayani ba, ya bar zato da zullumi a zukata. Kuma ko da yake fitinar Maris 1987 da ta tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa tana da nata sabubba na gida masu daɗaɗɗen asali, wanda ya yi insafi ba zai raba ta da iskar wancan lokaci ba, ba kuma zai ɗora mata ita kaɗai ba. Auna irin wannan sababi ba ya samuwa a hira, sai a kan takarda, inda Musulmi da Kirista za su karanta su nemi hujja.

Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, su tafi Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, su zauna da tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa tun suna raye, su rubuta abin da suka tabbatar.