Zogi

zogi (suna, namiji, ba shi da jam'i). Ciwo mai bugawa daga ciki, ya ɗauka ya saki, kamar na haƙori, maruru ko karaya. Ya bambanta da raɗaɗi, wanda shi na ƙuna ne ko yanka. Sabon zogi yakan lafa da hutu, gashi da farasitamol. Idan ya wuce wata 3, likitoci na ɗaukarsa daɗaɗɗen ciwo, kamar na amosanin gaɓɓai. Wannan sai da motsa jiki da lallaɓawa, kuma a guji shan tiramol ba da umarnin likita ba, don yana kama mutum.

Misali: "Baba, zogin gwiwar nan tun girbin masara yake, gobe mu je Babban Asibitin Kontagora."