Tarihin Dabarar Ƙara Ƙarfin Ruwan Kora a Kiromatogirafi

Kiromatogirafin ruwa hanya ce ta rarrabe sinadaran da suka gauraye. Ana ɗura samfuri a bakin wani bututu cike da ƙananan ƙwayoyi, sai a tura ruwa ya kora shi. Sinadarin da ya fi manne wa ƙwayoyin yakan daɗe a ciki, wanda bai manne sosai ba ya riga shi fitowa. Mikhail Tsvet, masanin tsirrai ɗan Rasha, shi ya fara nuna hakan a 1903, lokacin da ya raba launukan ganye, kuma ya wallafa cikakken bayaninsa a 1906.

Tun daga nan aka ci karo da wata matsala. Idan ruwan korar ba shi da ƙarfi, sinadaran farko sukan rabu da kyau, amma na ƙarshe sai su yi ta jan ƙafa, su fito a warwatse har ba a iya auna su. Idan kuma yana da ƙarfi, na farkon duk su fito a cunkushe. Ruwa ɗaya ba ya yi wa kowa adalci.

A 1952, a Jami'ar Upsala ta ƙasar Suwidin, Alm da Williams da Arne Tiselius suka bayyana mafita: a fara da ruwa mai rauni, a riƙa ƙara masa ƙarfi sannu a hankali yayin da aikin ke tafiya, kamar yadda mai girki ke ƙara wuta gwargwadon abin da ke cikin tukunya. Da aka shiga zamanin HPLC, wato kiromatogirafin ruwa mai matsi sosai, a shekarun 1960, inda Csaba Horváth na Jami'ar Yale ya taka rawa, sai famfuna masu matsi suka karɓi aikin gauraya ruwa mai rauni da mai ƙarfi. Yau akan fara da ruwa mai kashi 5 cikin 100 na asitonaitril ko metanol, sinadaran da ke ƙara masa ƙarfi, a hau har kashi 95.

Sai dai an daɗe ana zaɓen saurin hawan ne da gwaji da tsinkaye. A nan ne aikin Lloyd Snyder ya cancanci yabo na musamman. A 1979, shi da John Dolan da Gant suka nuna cewa akwai lissafi mai sauƙi da ke haɗa yawan asitonaitril da tsawon zaman sinadari a bututu. Amfanin wannan babba ne: idan aka yi gwaji biyu, ɗaya gajere ɗaya dogo, ana iya hasashen sakamakon sauran ba tare da ɓarnar samfuri ba. A kan wannan aka gina manhajar DryLab a shekarun 1980.

A 2004 kamfanin Waters ya fito da na'urar UPLC, wani sabon nau'in HPLC mai ƙwayoyin da ba su kai maikuron 2 ba, sai aikin rabin sa'a ya koma na 'yan mintoci. Ƙarancin asitonaitril na 2008 zuwa 2009 kuma ya tilasta wa ɗakunan gwaji da yawa rage tsawon gwaji ko komawa metanol.

Akwai abu ɗaya da ya fi ba ma'aikata wahala har yanzu, wato yawan ruwan da ke tsakanin wurin gauraya da bakin bututu. Ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura, don haka tsarin da ya yi kyau a ɗakin gwaji ɗaya kan iya haɗe sinadarai biyu a wani. Duk mai gwajin ingancin magani ya kamata ya auna wannan a na'urarsa kafin ya ɗauki tsarin wani.