Yadda Raino Ya Zama Sana'ar Takarda a Ingila

A shekarar 1870 aka rataye wata mata mai suna Margaret Waters a Landan. Sana'arta karɓar jarirai riƙo a biya ta, galibi 'ya'yan matan da suka haihu ba aure. Da 'yan sanda suka shiga gidanta a unguwar Brixton, sai suka tarar da jarirai kwance sun rame, ba mai ko motsin kirki, saboda maganin barci na ofiyom da take ɗura musu. Bayan shekara biyu majalisa ta yi dokar da ta wajabta rajista ga mai riƙon jariri fiye da ɗaya don kuɗi. Dokar ba ta tsare yaran da suka faɗa hannun Amelia Dyer ba, wata mai irin wannan sana'a wadda aka tsamo gawawwakin jariran da take riƙo daga kogin Thames a 1896. A ganina daga nan tarihin sana'ar raino ya faro, domin sai da aka yi ta binne yara kafin hukuma ta fara tambayar wace ce ake danƙa wa ɗan mutane.

Horon kansa kuwa a gidajen masu hali ya fara. A 1892 Emily Ward ta buɗe makarantar Norland a Landan, tana koya wa 'yan mata raino bisa tafarkin Bajamushe Froebel, wanda ya ɗauki wasa a matsayin karatun yaro. Ta hana su dukan yara, ta kuma sa musu tufafi na musamman don kada a ɗauke su 'yan aikin gida. 'Ya'yan talakawa sun daɗe suna jira. Margaret McMillan da 'yar'uwarta Rachel sun buɗe makarantar raino a Deptford a 1914, amma sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashi iyaye mata zuwa masana'antu sannan gwamnati ta farga. A 1945 aka kafa hukumar jarrabawar masu raino ta NNEB mai kwas na shekara biyu, a 1948 kuma aka ɗora wa ƙananan hukumomi rajistar masu raino.

Wani zai ce iyayenmu sun goya mu ba tare da takardar shaida ba, kuma ga mu mun girma. Haka ne, amma su ma an horar da su. Yarinyar da ta goya ƙannenta tana ƙarama, kaka na gyara mata ɗaurin zane, ana nuna mata yadda ake tallafe wuyan jinjiri wajen wanka, ta yi shekaru tana koyo a ƙarƙashin ido. Idan yaro ya bar wannan gida ya koma hannun baƙuwa da ke kula da yara da yawa don albashi, babu kakar, dole wani abu ya maye gurbinta. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne takarda ba ta sa tausayi, kuma na yarda. Sai dai tausayi ba ya sanar da mace abin da za ta yi in tuwo ya shaƙe yaro.

Inda Ingila ta gaza shi ne wajen daraja masu takardar. Binciken Farfesa Cathy Nutbrown na 2012 ya gano kwasa-kwasai barkatai, wasu ba sa ko neman ƙwarewa a lissafi da Turanci, albashi kuma ya ci gaba da zama ƙasa. A 2023 ma aka ƙara wa mai raino ɗaya nauyi, daga yara huɗu zuwa yara biyar 'yan shekara biyu.