Nana Asma'u a Ɗakin Miji: Matar Waziri, Uwar Waziri, Kakar Waziri

Duk sanda aka ambaci Nana Asma'u 'yar Shehu, malanta da waƙa ake fara tunawa. To, yau ta wata ƙofa za mu shiga, wato ƙofar gidan aurenta.

An haife ta a Ɗegel a shekarar 1793, tagwaye ne ita da Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana 'yar ƙarama, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta. Ku lura fa, kishiyoyin uwarta ne suka yi mata tarbiyya. Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa, ta ga yaƙi da idonta. Ana cikin wannan hali, wajen 1807, aka ɗaura mata aure da Usman Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello. Amarcin ba na lefe da jere ba ne, na gudun hijira ne.

Auren nan ya wuce shekara 40. Da Shehu ya rasu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Waziri. Kun san gidan Waziri ba ya rabo da baƙi. Shi ne ma ya sauki Baturen nan Kilafaton da ya zo Sakkwato a 1824. Ga hidimar baƙi, ga goyo, don 'ya'ya maza shida ta haifa, ɗaya ya koma tun yana jariri. Duk da haka alƙalaminta bai bushe ba, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne maigidan bai yi kishin iliminta ba. Bayan rasuwar Bello a 1837, miji da mata suka duƙufa wajen adana tarihin Shehu da jama'arsa, shi yana rubutawa a zube, ita tana tsarawa a waƙe yadda za a iya haddacewa.

A wannan tsakanin ne ta kafa 'Yan Taru. Matan aure na ƙauye ba su iya barin ɗaki su zo karatu, sai ta ce to, tsofaffi da 'yan mata ƙanana su zo a madadinsu. Kowace tawaga tana da shugaba da ake kira jaji, Asma'u da kanta take ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan rawani. Su zo su haddace waƙoƙin tauhidi da tsarki da salla da zaman tare, su koma su koyar a cikin gidaje. Zuma da man shanu da hatsin da suke kawo mata kuwa, mabuƙata take rabawa.

Tsawon rai kuma da nasa nauyin. Hassan ya tafi a shekarar da mahaifinsu ya rasu, Bello ya bi, Giɗaɗo ya rasu wajen 1851, sannan aminiyarta A'isha matar Bello. Ta yi wa da yawansu waƙar makoki, kuma ba manya kaɗai ba. Har maƙwabciyarta Halima, wadda ba 'yar kowa ba ce, ta samu tata, saboda kirkinta da riƙon zumunci. Babban ɗanta Abdulƙadir ya gaji wazirci a 1842 uban yana raye, amma ya riga ta rasuwa a 1859. Iyaye mata, kun san zafin wannan. Sai jikanta Ibrahim Halilu ya hau, ita kuwa tana nan da ranta, ta ga miji da ɗa da jika a kan kujera ɗaya.

Ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Wani jikan nata, Muhammadu Buhari, shi ne Waziri lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, ɗansa kuma shi ne Waziri Junaidu da ya rasu a 1997. A wurinsa aka tarar da takardun Asma'u a adane, daga nan Jean Boyd ta samu abin da ta rubuta littafinta na 1989.

Allah Ya jiƙan Nana, Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.