Chithurst: Gidan Zuhudun Mabiya Buddha a Dajin Sussex

Chithurst, wanda mazaunansa ke kira Cittaviveka, gidan zuhudu ne na mabiya addinin Buddha da ke wani ɗan ƙauye mai wannan suna a yankin West Sussex, kudancin Ingila, tsakanin garuruwan Midhurst da Petersfield. An kafa shi a 1979. Yana bin mazhabar Theravada, wadda ta fi ƙarfi a Siri Lanka da Bama da Tailan, kuma a cikinta ya ɗauki tafarkin 'yan zuhudun daji na arewa maso gabashin Tailan, ta hannun babban malaminsu Ajahn Chah (1918–1992). Shi ne reshen farko da almajiran wannan malami suka buɗe a wajen Tailan, daga gare shi kuma wasu gidajen suka tsiro a Turai.

Asali

Tun 1956 wasu Turawan Ingila suka kafa wata ƙungiyar amintattu mai suna English Sangha Trust, da nufin samar da 'yan zuhudu 'yan ƙasa. Sun mallaki gida a unguwar Hampstead da ke Landan, amma shekara ashirin abin na tangal-tangal: yau a sami ɗan zuhudu ɗaya ko biyu, gobe su tuɓe mayafin su koma rayuwar duniya. Da yawa sun yanke cewa ƙa'idojin ne ba za su zauna da Ingila ba. Cikakken ɗan zuhudu, wato bhikkhu, yana ƙarƙashin dokoki 227. Ba ya taɓa kuɗi, ba ya girki, ba ya haƙa ƙasa ko sare tsiro mai rai, ba ya ajiye abinci ya kwana, ba ya cin komai bayan rana ta take tsaka. Abin da aka miƙa masa hannu da hannu da safe, shi ne abincinsa. A ƙauyen Tailan wannan ba matsala ba ce, don mata na jira bakin hanya da shinkafa tun da sassafe. A Landan fa, wa zai ba shi?

A 1977 shugaban ƙungiyar, George Sharp, ya gayyato Ajahn Chah. Ya zo da babban almajirinsa Bature, Ajahn Sumedho, Ba'amurke haifaffen Seattle a 1934, wanda ya yi aikin jinya a rundunar sojan ruwa, ya koyar a tsibirin Borneo, sannan ya shiga zuhudu a Tailan ya shafe kimanin shekara goma a hannun malamin. Da Ajahn Chah zai koma, sai ya bar Sumedho da wasu 'yan zuhudu uku a gidan Hampstead, da umarnin kada su sassauta komai. Har fita da kwanon sadaka ya ce su riƙa yi kowace safiya, ko a ba su ko a hana su.

Wannan fita na da tsarinta. Saɓanin almajirin da ke tsayawa ƙofar gida ya ɗaga murya, shi bhikkhu ba a yarda ya roƙa da baki ba. Tafiya kawai yake yi, kai a aske, ido a ƙasa, kwano a rufe cikin mayafi mai launin ƙasa, har sai wani ya tare shi don kansa. Galibi haka suke dawowa da kwano wayam. To amma a 1978, suna cikin irin wannan zagaye a filin Hampstead Heath, wani mutum mai gudun motsa jiki ya tsaya ya yi musu magana. Ashe ya sayi wani daji a Sussex mai suna Hammer Wood don ya ceto shi daga lalacewa, ya rasa masu kula da shi. Shi ba mabiyin Buddha ba ne, amma ya ba su dajin kyauta, fiye da eka 100. Kusa da dajin akwai wani tsohon gidan attajirai da ya kusa zama kango, Chithurst House. Ƙungiyar ta sayar da gidan Landan ta saye shi, aka tare a watan Yunin 1979.

Shekarun farko aikin gini ne zalla. Rufi na yoyo, katako ya ruɓe, yawancin ɗakuna ba sa shiguwa, ga sanyi. Mutanen ƙauyen ma da farko kallon tsoro suka yi musu, har tashar BBC ta ɗauki wani shiri a kan zuwan nasu. A 1981 aka keɓe wani fili da iyakokinsa, wanda sai a cikinsa ne naɗin sabon bhikkhu ke inganta, aka kuma ba Sumedho izinin naɗawa. Daga nan Bature ba shi da buƙatar zuwa Asiya kafin ya shiga zuhudu.

Halwa da koyarwa

Ana tashi tun kafin asuba. Ƙararrawa ta kaɗa, a taru a zaure a rera karatu cikin harshen Pali da Turanci, sannan a zauna shiru kamar awa guda. Zaman na da sauƙin faɗi: a naɗe ƙafa, a miƙe baya, a sa hankali kan shigar numfashi da fitarsa, in zuciya ta tafi yawo a dawo da ita ba tare da faɗa ba. Akwai kuma na tafiya, inda mutum zai zaɓi 'yar hanya mai taku ashirin zuwa talatin a ƙarƙashin itatuwa, ya yi ta kai da komo a hankali yana lura da kowane taku. A dajin an gina 'yan bukkokin katako da ake kira kuti, inda mutum ɗaya zai keɓe na makonni. Ranakun cikar wata da duhunsa akan raya dare da zama da wa'azi.

Babbar halwar gargajiya ita ce vassa, wata uku na damina daga wajen Yuli zuwa Oktoba, lokacin da ɗan zuhudu ba ya barin gidansa. Sai dai a Ingila wannan ne lokacin bazara, lokacin baƙi da aikin gyara. Don haka, ba tare da an soke vassa ba, aka ƙara wata halwar ta hunturu daga Janairu zuwa ƙarshen Maris. A waɗannan watanni ana ajiye ayyuka, a rage magana, wasu masu sa kai su karɓi kicin.

Koyarwar tana kewaya ne kan abin da suke kira gaskiya huɗu: akwai wahala, tushenta kwaɗayi da riƙo, tana iya ƙarewa, akwai kuma hanyar kaiwa ga ƙarewarta. Babu maganar Mahalicci a ciki. Ajahn Chah bai cika damuwa da tarin littattafai ba. Ya fi son almajiri ya kalli fushinsa da gajiyarsa a daidai lokacin da suka taso, ko da yana shara ne. Sumedho ya gaji wannan salo, ya ƙara da nasa, na sauraron wata siririyar ƙara da mutum kan ji a kunne in wuri ya yi tsit, a matsayin abin jingina hankali.

Bunƙasa

Gidan ba shi da rajistar mambobi, ba a biyan kuɗin shiga ko na kwana, littattafan wa'azi ma kyauta ake raba su. Saboda haka ma'aunin girmansa shi ne yawan masu sa mayafi da yawan masu kawo abinci. A nan ne ake ganin cewa dokokin da aka ɗauka za su kashe tafiyar su suka raya ta. Tunda ɗan zuhudu ba zai iya girki ko sayayya ba, dole kullum wani ya zo, kuma wanda ya zo da tukunyar shinkafa yakan zauna ya ji wa'azi. 'Yan Tailan da Siri Lanka mazauna Ingila, waɗanda suka san ladan wannan sadaka tun daga gida, su ne ƙashin bayan ciyarwar. Turawa kuwa sun fi zuwa don koyon zaman shiru. Da ƙyar a ga inda waɗannan rukunoni biyu ke cuɗanya kamar ranar Kathina, bikin miƙa yadin mayafi bayan vassa. An kuma ƙarfafa matakin anagarika, mai fararen kaya da dokoki takwas, wanda ke tuƙa mota da riƙe kuɗi da girki na tsawon shekara guda ko fiye kafin ya ci gaba.

Cikin shekara biyar gidan ya yi musu kaɗan. An buɗe reshe a Harnham da ke Northumberland a 1981, wani a Devon a 1983. A 1984 Sumedho ya ɗauki wani ɓangare na jama'ar ya koma wata tsohuwar makaranta a Hertfordshire, aka sa mata suna Amaravati. Can aka mayar da halwar mutanen gari, ta ƙarshen mako da ta kwana goma, aka kuma buɗe babban ɗakin ibada a 1999. Rassa sun biyo baya a Suwizalan da Italiya da Niyu Zilan, sai Abhayagiri a jihar Kalifoniya a 1996. Chithurst ya ci gaba da zama ƙarami, mazaunansa ba su cika wuce ashirin da 'yan kai ba. Ajahn Sucitto, Bature ɗan Landan, ya shugabance shi daga 1992 zuwa 2014, a zamaninsa aka kammala sabon zauren taro a 2004.

Batun mata

Mata huɗu sun shigo tun 1979, aka ba su wani ɗan gida a gefen daji. Matsalar ita ce hukumomin addini na Tailan ba su amince da cikakken naɗin mata ba, suna ganin silsilarsa ta yanke tun ƙarnoni da suka wuce. A 1983 Sumedho ya ƙirƙiro musu matsayi na tsaka-tsaki mai suna siladhara, mai dokoki goma da mayafi ruwan ƙasa mai duhu. A lokacin an ɗauke shi ci gaba, kuma ya fitar da malamai mata irin su Ajahn Sundara da Ajahn Candasiri. Amma a 2009 aka gabatar wa matan da sharuɗɗa biyar, ciki har da cewa bhikkhu mafi ƙanƙanta yana gaba da siladhara mafi daɗewa, kuma matsayin ba tsani ba ne zuwa cikakken naɗi. A shekarar ce kuma aka cire gidan Ajahn Brahm na Perth, Ostireliya, daga jerin rassan Ajahn Chah saboda an naɗa mata huɗu a can. Mata da dama sun bar tsarin a wannan tsakani. Wasu sun tuɓe mayafi, wasu da suka koma Kalifoniya sun karɓi cikakken naɗi a 2011. Waɗanda suka rage suna nan a Amaravati da Chithurst a matsayin siladhara.