Yusef Lateef: Mabushin Amurka da Ya Zauna a Zariya

Gabatarwa

A tarihin kiɗan Hausa an saba jin labarin manazarta na waje waɗanda suka zo da alƙalami da rakoda. Wannan maƙala ta duba wani baƙo wanda ya zo da abin busarsa, wato Yusef Lateef.

Asalinsa

An haife shi ranar 9 ga Oktoba, 1920, a Chattanooga ta jihar Tenesi, ya tashi a Detroit. Sunansa na yanka William Huddleston. Ya ƙware a busa saksofon, har ya shiga ƙungiyar Dizzy Gillespie a 1949. A wannan tsakanin ne ya musulunta ta hannun 'yan Ahmadiyya, ya sauya suna. Daga baya ya ƙara da sarewa da obo, wanda ɗan'uwan algaita ne, domin dukkansu da beli ake busa su. Faifansa mai suna Eastern Sounds na 1961 ya shigar da amon ƙasashen Gabas cikin kiɗan jaz. Sai dai shi kansa bai yarda da kalmar jaz ba, don yana ganin akwai raini a cikinta.

Zamansa a Zariya

A 1975 ya sami digirin dokta a Jami'ar Massachusetts, inda ya kwatanta ilimin Musulunci da na boko. Daga 1981 zuwa 1985 ya yi aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Duk da shahararsa, ya koma ɗalibi, ya yi nazarin sarewar Fulani. A 1983 ya ɗauki faifan In Nigeria tare da makaɗan ƙasar. Haka kuma, shi da Ziky Kofoworola suka wallafa littafi a kan wasanni da kiɗan Hausa a 1987. Ya rasu ranar 23 ga Disamba, 2013, yana da shekara 93.

Kammalawa

Yawancin nazarinmu na waƙar baka ya tsaya ne a kan turke da salo da zubi, an bar amon kayan kiɗa a baya. Lateef ya saurari abin da muke tsallakewa. Idan tsofaffin mabusa suka ƙare ba a taskace fasaharsu ba, to wa za a tambaya? Wannan aiki ne da ke jiran ɗaliban Hausa.